Bina Hession da Ruwan Matattu

A ƙauyenmu Clonvarra in ka ce "mai bokiti" ba sai ka ƙara suna ba, kowa ya san Bina Hession kake nufi. Tun tana 'yar ƙanƙanuwa, yatsunta ba su gama zagaye mariƙin bokiti ba, aka ɗora mata ɗebo ruwa daga rijiyar Waliyyi Lorran da ke gindin tudu. Ta ɗebo wa gidan ubanta, ta ɗebo wa gidan wani manomi da ta yi wa aikatau, ta yi aure ta ci gaba da ɗebo wa gidan mijinta. Matan gari sukan tsokane ta wai hannayenta sun fi yadda Allah ya halicce su tsawo, bokiti ne ya ja su. Ita kuwa sai ta tambaye su, to su nasu harshen wane bokiti ne ya ja shi?

A saman tudun nan Kangon Sufaye yake. Waliyyi Lorran ne ya fara kafa bukka a wurin, daga shi sai saniyarsa, a wani zamani da ya fi ƙarfin lissafin kowa. Sufaye suka biyo bayansa suka gina majami'ar dutse da hasumiya. Daga nan kuma duk wanda ya zo da ƙarfi sai ya ɗauki abin da ransa ya so. 'Yan fashin teku suka hauro ta kogi suka kwashe kofunan azurfa. Sojojin sarkin Ingila suka kori sufayen, suka kware rufin dalma suka narkar. Mai ƙasar da kakanninmu suka yi wa noma ya rushe rabin hasumiyar ya gina wa dawakansa barga. Amma duk muguntarsu, babu ɗaya cikinsu da ya taɓa cewa kada mutanen Clonvarra su binne matattunsu a cikin kangon. Ko a shekarun yunwa, da dankali ya ruɓe a cikin ƙasa, mutane sun ja 'yan'uwansu a kan ƙyaure sun kai su saman tudun. Sai da muka samu gwamnatin kanmu, ta 'ya'yan ƙasa, sannan aka zo mana da kwaɗo.

Akwai abin da kowane ɗan Clonvarra ya sha tun a nono: wanda aka binne daga ƙarshe shi ne ɗan aiken sauran. Shi zai riƙa saukowa rijiyar Waliyyi yana ɗebo wa matattun kango ruwa, don ƙishirwa ce ke damun masu jiran hisabi, kuma ba zai ajiye bokiti ba sai an kawo wani ya karɓe shi. Ba a taɓa faɗin haka a majami'a ba, kuma babu littafin da ya faɗa. Amma in aka yi rashin sa'a mutum biyu suka rasu tare, za ka ga dattawa masu furfura suna sassarfa da akwatin gawa a kafaɗa, kowane ɓangare yana son ya riga ɗaya shiga ƙofa. An sha fasa kai a bakin ƙofar nan, kuma babu wanda ya taɓa jin kunyar tabon.

Mijin Bina, Ulick Hession, ɗingishi yake yi. Keken doki ne ya kife da shi yana saurayi, ƙugunsa ya goce, bai sake tafiya daidai ba. Mutum ne mai sanyin hali har ya yi yawa. Shi ne ƙarshen shiga majami'a, shi ne ƙarshen fita, in an zo 'yar gadar katako sai ya rakuɓe gefe kowa ya wuce, har tumaki. Bina ta yi rayuwarta tana yi masa faɗa a kan wannan hali, shi kuma yana amsawa da "To, Bina," yana cusa taba a lofe. Abu ɗaya ne ba ta taɓa yarda ba, wato ya taɓa bokiti. Gangaren rijiyar santsi gare shi. Sau ɗaya ya gwada a ɓoye lokacin tana da cikin ɗansu Colman, ya zame, ya shafe lokacin yankan ciyawa gaba ɗaya a kwance. Ta yi jinyarsa, ta yanke ciyawar, ta kuma ɗebo ruwan da cikinta, tana zaginsa dare da rana don tsananin tsoron da ya ba ta.

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi a farkon sanyi. A ranar kuma aka yi wani rashin a gidan maƙwabcinsu Festy Mongan: 'yarsa Attracta ta rasu wajen haihuwa, ko shekara ba ta cika da aure ba. Rana ɗaya aka fito da gawa biyu, suka haɗu a mararrabar da ke gindin tudu. Dangin Ulick ne a gaba, ƙarti majiya ƙarfi, da suka hango ɗaya akwatin sai suka fara ɗaga ƙafa. Bina ta waiga. Ta ga mutanen Mongan suna tafe suna tangaɗi, kuka ya cinye musu ƙarfi, Festy a ƙarƙashin akwatin 'yarsa ko gabansa ba ya gani. Sai ta sha gaban nata mutanen, ta tsaya tsakiyar hanya ta ware dogayen hannayen nan.

"Ku tsaya," ta ce.

"Bina, kanki ɗaya kuwa?" in ji ƙanin Ulick, yana haki. "Mu ne a gaba fa!"

"Yarinyar nan shekaranjiya ta haihu. Wa ya taɓa ganin mai jego da bokiti a gangaren nan? Ku matsa su wuce."

"To shi da ƙugunsa fa? Kin manta?"

"Ni za ka tuna wa ƙugun Ulick? Yana da rai bai taɓa shiga ƙofa gaban kowa ba, ba yau zai fara ba. Kuma sanyi ya shigo. Ga tsoho Packie Lavelle can yana tari kamar zai amayar da huhunsa. Kafin Kirsimeti wani zai karɓe shi."

Aka matsa. Mutanen Mongan suka wuce. Aka binne Attracta, sannan aka binne Ulick. Kafin a tura ƙasa Bina ta sunkuya ta ce masa, "Ka yi haƙuri, na ɗan lokaci ne. Ka bi ta gefen katanga, can ya fi ƙarancin santsi."

Packie Lavelle bai mutu ba. Tarinsa ma sai ya lafa, kamar da gayya. Abin da ya zo kafin Kirsimeti motar ofishin gunduma ce, da wani matashi mai doguwar kwat da takalma masu sheƙi, da leburori ɗauke da sabuwar ƙofar ƙarfe. Bina ta taso daga rijiya ta ji bugun guduma a saman tudu, ta hau da bokitinta a hannu.

"Ɗan nan, me ake yi a nan?"

"Barka da rana, uwargida. Ai gata aka yi muku. Daga yau kangon nan ya zama kayan tarihi na ƙasa baki ɗaya. Haƙar kabari tana girgiza harsashin ginin, don haka an dakatar da binnewa. An tanadar muku sabuwar makabarta a bakin titi, layi-layi, tsaf, har da famfo."

"Mijina ne na ƙarshe a ciki."

"Allah ya jiƙansa. Na yi miki alkawari babu mai taɓa kabarinsa."

"Ba zancen taɓawa nake yi ba. Wa zai karɓe shi?"

Bai gane ba. Ɗaya daga cikin leburorin, ɗan ƙauyen da ke gaba da mu, ya raɗa masa a kunne. Da ma ya yi mata tsawa, da ta fi samun sauƙi. Murmushi ya yi, irin wanda ake yi wa yaron da ya ce ya ga aljani a bayan ƙofa. Ya ce kai, wannan abu da ban sha'awa yake, akwai masu tattara irin waɗannan tatsuniyoyi a birni, za su so su ji daga bakinta. Bina ta dubi fuskarsa, ta dubi takalmansa, ta juye musu bokitin gaba ɗaya. Ta gangara ta sake ɗebo wani, shi kuma ya danna kwaɗonsa da jiƙaƙƙiyar safa.

A duba wannan rainin hankali. Mutanen da suka yi zaman daɓaro da katangun nan tun sufaye suna da rai, su ne yau suke cutar da dutse! Waɗanda suka kwashe azurfa da dalma da duwatsu sun sha lafiya, sai talakan da bai taɓa ɗaukar komai daga wurin ba, kullum ma kawo nasa yake yi ya ajiye, shi aka kulle wa ƙofa. Suka zuba tsakuwa a hanya, suka kafa allo mai ɗauke da sunayen shugabannin sufaye ɗaya bayan ɗaya, da ranar da aka ƙone wurin da ranar da aka sake gina shi. Ka karanta allon nan daga sama har ƙasa ba za ka san an taɓa yin wani mahaluki a Clonvarra ba.

Bina ta tafi wurin Fada Tuohy, limamin majami'armu. Ta same shi a gaban murhu yana shan shayi da burodi mai man shanu, ta ƙi zama.

"Bina, Bina," ya ce. "Camfi ne. Kin sani, na sani. Ulick yana hannun Allah."

"Na sani, Fada. Bokitin kuma yana hannun Ulick."

"Kada ki yi saɓo a gidana."

"Mutum ɗaya kawai nake roƙo, Fada. Ka yi musu magana, kai suna jin taka. A buɗe a sa mutum ɗaya, sannan su narkar da makullin in sun so."

Fada ya ajiye kofinsa. Ba mugun mutum ba ne, tsoron ofis ne dai ya yi masa yawa. Kuma an ce ranar da aka kai tasa uwar makabartar garinsu, da kansa ya tattare doguwar rigarsa ya ce wa masu ɗauka su yi sauri.

"To, a ce an sa mutum ɗaya," ya ce a hankali. "Shi kuma wa zai karɓe shi? Gobe danginsa za su tsaya inda kike tsaye. Dole wani ya zama na ƙarshe, Bina."

Ta fita ba ta ce masa ko sai an jima ba, amma maganar ta bi ta har gida ta zauna.

Ba ta saduda ba. Ta ce in ofis ya ƙi, in Fada ya ƙi, ai mai mutuwa yana da bakin yin wasiyya, kuma katangar ba ta kai a kasa tsallaka akwati ba. Sai ta zama mai zumuncin da ba a taɓa gani ba. Duk gidan da aka ji tari, Bina ce ta fara sallama da tukunyar romo. Ta fara da Packie Lavelle, ta zauna bakin gadonsa tana ba shi a baki.

"Packie, ina kakanka yake kwance?"

"A kango."

"Ubanka fa, Allah ya jiƙansa?"

"A kango, gefen hasumiya. Me ya kawo wannan?"

"Ba komai. Na ce dai abin kunya ne a raba mutum da iyayensa a kai shi bakin titi, motoci suna watsa masa taɓo."

Packie ya rufe baki ya kau da kai daga cokali. "Ɗauki romonki ki fita, Bina Hession. Da ɗan ƙashin tunkiya za ki ɗauke ni aikin da ba ya ƙarewa? Ke kika bar su suka wuce, ba ni ba."

Ta fita, ta bar masa tukunyar, don ba ta iya ɗauke abinci daga gaban majinyaci ba. Kafin a jima mutanen gari suka koyi danne tari in sun hango ta. Da ajalin Packie ya zo, shi ya buɗe sabuwar makabartar, aka kwantar da shi famfo na daidai kansa. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, kowa da baƙin dutse mai sheƙi da rubutun zinariya. Duk gawar da aka ɗauko, Bina takan raka ta har mararraba, ta tsaya ta ga an karya hagu an bar tudu a dama, ta yi addu'a, ta juya gida ranta na ƙuna.

Da ta ga babu mai karɓar Ulick sai ta raba aikin da shi. Kullum da safe takan cika bokiti a rijiyar Waliyyi ta hau tudun, ta bi ta matakalar dutse da ke jikin katanga tunda ƙofa na kulle, ta ajiye a kan kabarinsa. "Ga shi nan," takan ce. "Kai dai rarrabawa za ka yi. Kada in ji ka sauka." Da yamma ta koma ta ɗauko. Wata rana ta tarar ya yi rabi, wata rana ya kusa ƙarewa. Tsuntsaye suna sha, karnuka suna sha, iska ma tana ɗaukar nata, Bina ta san duk wannan, ba wawuya ba ce. Amma ba ta taɓa tambayar wanda ya sha ba.

Ana ruwa tana hawa, ana ƙanƙara tana hawa. Baƙi suka fara zuwa cikin manyan motoci da bazara, suna shafa duwatsun suna cewa kai, ji shiru, ji kwanciyar hankali. Suka ɗauki hotonta ta baya, tana hawa da bokiti, ba tare da ko sannu ba. Wata shekara aka ga hoton a shagon gari ana sayarwa, an rubuta a ƙasa wai tsohuwar rayuwa ce mai sauƙi. Mai gadin da ofis ya ɗauka kuma ya ce bokitin yana ɓata wa wurin tsari, ya ɗauke ya jefa bayan katanga. Ta kawo wani, ya jefar. Ta kawo tulun ƙarfen da ake kai madara da shi, ta cika shi fal, ta ce ya ɗaga in ya isa. Bai sake taɓa mata kaya ba.

Ruwan famfo ya zo Clonvarra a ƙarshe. Ɗanta Colman ya zo daga Birmingham, inda yake aikin gini, ya ja mata bututu har cikin kicin, ya murɗa ya ce, "Mama, ga shi. Kin huta." Ta yaba, ta sa masa albarka, ta dafa shayi da ruwan. Washegari ya tashi ya hango ta a gangare da bokiti. Ya bi ta da gudu yana tambaya, ta ce masa matattun kango ba su san ruwan bututu ba, ba kuma a kanta za a fara ba su ba. Ya koma Ingila yana girgiza kai.

Haka ta yi ta yi har jaririn da Attracta ta bari ya girma ya yi gemu ya tafi Amurka. Bayanta ya lanƙwashe, bokitin ya koma rabi, hawan da take yi a numfashi ɗaya ya koma sai ta zauna a kan dutse ta huta. Wata safiya mai ƙanƙara ta zame a daidai wurin da Ulick ya taɓa zamewa, ƙugunta ya karye. Aka ɗauko ta aka kwantar, likita ya duba ya ce kada a sa ran za ta sake takawa. Ba ciwon ne ya sa ta kuka ba. Tana kwance tana kallon tudun ta taga, ta san tun safe Ulick yana jiran bokiti, kuma ta san halinsa, in ya ga shiru zai lallaɓa ya sauka da kansa.

Festy Mongan ne ya ɗauki bokitin ba tare da an ce masa ba. Shi ma tsufa ya cim masa, yana hawa yana tsayawa, rabin ruwan a wandonsa yake ƙarewa. Da yamma yakan shigo ya zauna gefen murhunta, hularsa a gwiwa.

"Ni ya kamata in karɓe shi, Bina," ya ce wata rana. "'Yata ce ta wuce gabansa. Na gaya wa 'ya'yana su kai ni kango."

"To ka mutu mana mu gani! Tun yaushe nake zuba ido, kai kuwa sai ƙara lafiya kake yi kamar tsohon jaki. Kuma 'ya'yanka na san su. Kana rufe ido za su kai ka gefen famfo su ɗora maka baƙin dutse."

Festy ya yi dariya, ya share ido.

Colman ya dawo da aka aika masa. Ya zauna bakin gadon ya riƙe hannunta, ya ce ya kama mata wuri a sabuwar makabarta, gefen da rana take faɗawa. "Mama, don Allah zancen ruwan nan a bar shi haka. Mutane suna yi mana dariya."

"Su wa? Mutanen Birmingham?"

"Mama!"

"Je ka ɗora shayi, ɗana. Ka kira mini Festy in ka fita."

Da Festy ya shigo ta sa ya tura ƙofa. "A hagun Ulick akwai wurin mutum ɗaya. Kai za ka haƙa, kai da wanda ka yarda da shi. Dangi ba sa haƙa wa nasu, ka sani."

"Mutanen ofis za su kai ni kotu."

"Su kai ka. Ka ce ni na sa ka, su zo su kama ni."

Festy ya daɗe yana juya hularsa. "Bina, kin dai san abin da kike yi? In kika shiga, babu mai zuwa bayanki. Za su ƙara wa katangar tsawo. Ke ce har ranar tashin matattu."

"Na sani. Fada ya gaya mini tun tuni, dole wani ya zama na ƙarshe."

"Ƙugunki fa? Ke ma yanzu ya karye."

"Nawa jiya ya karye, zai ɗinke a can. Nasa tun yana saurayi ne, ya riga ya saba da karkacewa." Ta ja numfashi. "Festy, tun ban san dama da hagu ba nake hawan gangaren nan. Na san kowane dutse a cikinsa, ko ido rufe zan hau. Ni na tsayar da shi a mararraba na ce masa na ɗan lokaci ne. Ka ce wa matan da za su shirya ni su sa mini takalmana masu ƙusa, ba na zuwa majami'a ba."

Ta rasu da shigowar bazara, ƙaya ta fara fure a bakin hanya. A zaman makoki Colman ya hango bakin takalman aiki yana leƙowa ta ƙarƙashin likkafani, ga tsohon taɓo a jikin ƙusoshin. Ransa ya ɓaci, ya ce wane irin wulaƙanci ne wannan, uwarsa ba ta da takalman kirki ne? Matan suka ce ita ta zaɓa. Ya tsaya yana kallon takalman, ya fita waje ya daɗe bai dawo ba.

Da safe aka yi mata addu'a a majami'a aka ɗauko ta a kafaɗa, Colman a gaba ta hannun dama. Da aka iso mararraba, masu ɗauka suka fara karyawa hagu wajen titi. Sai ga Festy Mongan tsaye tsakiyar hanya, jar ƙasa har gwiwar wandonsa, ya ware hannuwa.

"Ku tsaya," ya ce. "Colman, a nan uwarka ta tsaya ta bar 'yata ta wuce gaban ubanka. Kabari yana can a haƙe, a hagunsa. Ko ka kai ta, ko ka bi ta kaina."

Colman ya dubi titi, ya dubi tudu, ya juya ya dubi Fada Tuohy, wanda shi ma ya tsufa har yana dogara sanda. Fada ya cire tabaraunsa yana gogewa da bakin rigarsa, ya yi ta gogewa.

"Ni tabarauna ya yi hazo," ya ce. "Inda gawa ta nufa, nan nake bi."

Colman ya gyara akwatin a kafaɗarsa ya karya dama.

Ƙofa na kulle, mai gadi ya ce ba shi da izinin buɗewa, ya kuma sa makullin a aljihu ya juya baya yana kallon kogi. Aka ɗaga Bina aka miƙa ta saman katanga, hannu zuwa hannu, tsofaffi suna bi ta matakala ana tallafa musu. Aka zagaya da ita kangon ta inda rana take bi, kamar yadda aka yi wa iyayenta, aka ɗauke shebur da diga da aka gicciye a bakin ramin, aka saukar da ita. Bokitin safiyar nan yana nan a kan kabarin da ke gefe, cike, Festy ne ya kawo kafin ya fara haƙa. Fada ya gama karatunsa. Kafin a tura ƙasa Festy ya cire hula, ya durƙusa da ƙyar a kan tsohon kabarin, ya ƙwanƙwasa dutsen kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci.

"Ulick," ya ce, "ajiye bokitin. Ta zo."

Ofis ya aiko aka ƙara wa katangar tsawo, aka toshe matakalar da siminti. Festy yana kwance gefen famfo, ƙarƙashin baƙin dutse. Tun daga ranar ba a sake binne kowa a Kangon Sufaye ba.